Zuwa ga likitan da ya tambaye ni: me majinyaci zai yi a cikin masu duba asibiti?

Assalamu alaikum, Likita.

A shirin rediyon da aka gayyace ni kan sa ido a asibitoci, ka bugo waya ka ce: mutumin da bai taɓa taka makarantar likitanci ba, me zai tsinana idan aka zaunar da shi cikin masu duba asibiti? Ka ƙara da cewa wannan buɗe ƙofa ne ga masu son ɓata wa ma'aikata suna. Lokaci ya ƙure kafin in amsa maka, shi ya sa na rubuto.

Akwai inda na yarda da kai. Ko an yi tiyata daidai ko an yi ganganci, ba majinyaci ne zai yanke wannan hukunci ba. Aikin Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya ne, da kwamitinta na bincike da kotunta ta ladabtarwa. Ban nemi a taɓa wannan ba.

Amma Likita, masu duba asibiti da hantsi suke zuwa, kuma sau da yawa an san da zuwansu. An share, an canza zanen gado, rajista ta cika. Mai jinya kuwa a nan yake kwana, a kan tabarma a baranda. Shi ake tasa ƙarfe biyun dare a ce ya nemo safar hannu da ƙarin ruwa a kemis ɗin waje. Shi ya ga an karɓi haihuwa da fitilar waya. Shi ya san ko an ba shi rasit, ko an yi masa bayanin allurar da aka yi wa mahaifiyarsa, ko tsawa kawai ya samu. Ba a buƙatar digiri kafin a shaida wannan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ko a Ingila sai da rayuka suka salwanta kafin a gane haka. A asibitin Stafford an riƙa barin marasa lafiya cikin ƙazanta da ƙishirwa. Dangin majinyata ne suka ƙi yin shiru, ƙarƙashin jagorancin Julie Bailey, wadda mahaifiyarta ta rasu a can a 2007. Rahoton binciken da lauya Robert Francis ya jagoranta kan asibitin, na 2013, ya zo da shawarwari 290, kuma cikin manyan laifukan da ya gano har da rashin sauraren majinyata da ma'aikata. Hukumar da ke duba asibitocinsu, CQC, tana tafiya da mutanen da suka taɓa jinya cikin tawagar masu bincike.

Mu ma ba doka muka rasa ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta ƙin karɓar wanda ke cikin halin gaggawa, ta kuma ba kowa damar kai ƙorafi a bincika. A 2018 Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin majinyata guda 12. To amma mace nawa a layin awo ta taɓa jin labarinsa da Hausa? Na ga akwatin ƙorafi a wani asibiti, kwaɗonsa ya yi tsatsa, ba wanda ya san inda mabuɗin yake.

Sai batun ɓata suna, kuma a nan nake so ka saurare ni sosai, don wannan tsari ma'aikaci zai fi karewa. Yau idan magani ya yanke, nas ɗin da ke bakin aiki ake zagi, wani lokaci har a kai mata hannu. Ita kaɗai ce a ɗaki cike da gadaje, ba ita ke sayo magani ba, ba ita ke sayen man janareta ba. Idan ta zauna teburi ɗaya da mai jinya, za a gane cewa matsalar daga sama take, su haɗa baki su tura ta inda ya dace. Shi ya sa na ce cikin masu duba asibiti a sa ungozoma, da nas ɗin dare, da mai ba da kati, ba shugaban asibiti kaɗai ba. Kuma a ba su tabbacin cewa faɗin gaskiya ba zai jawo musu canjin wurin aiki ba.

Abin da nake nema kaɗan ne. Kwamitocin raya mazaɓa, masu sa ido kan asibitocin mazaɓa, suna nan, sai dai a wurare da yawa 'yan siyasa sun cika su da yaransu. A bar jama'a su zaɓi wakilansu, a tabbata akwai mata, tunda su suka fi zaman jinya. A ba su izinin shiga ba tare da sanarwa ba, har da dare. Duk ƙorafin da suka rubuta a amsa shi a rubuce cikin wa'adi, a kuma liƙa sakamakon binciken a ƙofar asibiti.

Kwamitinmu zai zauna wata mai zuwa. Ina gayyatarka, kuma don Allah ka taho da ɗaya daga cikin masu aikin dare.

Wassalam,
ɗan'uwanka, mamba a kwamitin lafiya na mazaɓa.