Wasiƙa Zuwa Ingila: Batun Kuɗin Fim Ɗin Auta

Bauchi,
Daren Laraba.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Ya sanyin Ingila? Mu nan damina ta ɗauke, hazo bai sauko ba tukuna. Su Hajiya lafiyarsu ƙalau, suna gaishe ka.

Saƙonka ya iso, Auta kuma ya kawo mini rubutun fim ɗin da zai yi na kammala karatu, na karanta shi daga farko har ƙarshe. Abu biyu ka tambaye ni: ko aikin ya cancanci ka sa kuɗinka, da kuma nawa za ka sa. Ya cancanta, babu ko shakka. Batun nawa kuwa sai an zauna da biro da takarda, kuma kada ka turo ko sisi kafin a yi wannan zaman.

Labarin yana da ƙarfi. Yarinya ce 'yar shekara 13 mai shiga musabaƙar karatun Alƙur'ani a izu 20. Ta ɗauki na ɗaya a ƙaramar hukuma, a matakin jiha alƙali ya kaɗa mata ƙararrawa sau ɗaya tak, ta zo ta biyu. Ba wanda ya dake ta a gida. Tambaya ɗaya aka yi mata: ina makin da ya rage ya tafi? Daga ranar ta daina barci sosai, tana maimaita shafi guda har muryarta ta dishe, tana jin ƙarar ƙararrawa ko da cokali ne ya faɗi a tsakar gida. Musabaƙar ƙasa tun 1986 ake yin ta a ƙarƙashin Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, ta haifar da alheri mai yawa, kuma rubutun Auta bai taɓa mutuncinta ba. Yatsarsa yana kan mu manya, masu mayar da yaro mai baiwa ya zama ba ya ganin komai a jikinsa sai inda ya gaza. Wannan ciwo yana nan a wurin mai waƙar makaranta, da mai muhawara, da yaron da ake sa wa rawani a wasan kwaikwayo.

Masana halin ɗan Adam sun daɗe da raba wannan tsoron kuskure gida uku: wanda mutum ke ɗora wa kansa, wanda yake ɗora wa wasu, da wanda yake jin jama'a sun ɗora masa. Thomas Curran da Andrew Hill sun tattara bayanan ɗalibai sama da 40,000 na Amurka da Kanada da Birtaniya daga 1989 zuwa 2016, suka ga na ukun ne ya fi hauhawa. Auta zai iya sa wannan a takardar neman tallafi, amma ya faɗa a fili cewa ɗaliban can aka auna, ba yaran Bauchi ba.

To, ga inda gyara yake. Rubutun shafi 19 ne, wurare 7. A ƙa'ida shafi ɗaya minti ɗaya ne a allo, kuma ɗalibai da kyamara ɗaya da wuya su wuce shafi 4 a yini idan ana son aiki mai tsabta. Na ce masa ya rage zuwa shafi 12, wurare 3: aji, gida, da zauren gasa. Kwana 3 ke nan na ɗauka, da kwana 1 na ko-ta-kwana. Kowane sabon lokeshin yana cin kuɗin mota, da awa biyu na kwashe kaya da sake kafa fitila, saboda haka rage wuri ya fi rage kuɗin kowane ma'aikaci sauƙaƙa kasafi.

Sai ƙidayar baki. Ma'aikata 8, 'yan wasa 5, da mace babba guda mai kula da yarinyar, mutum 14. Abinci sau biyu a rana na kwana 4, kwano 112 ke nan. Ruwan leda jaka 5 kullum. Ranar zauren gasa kuma za a tara ɗalibai kamar 40 su cika kujeru, su ma ba za a sallame su da baki a bushe ba. Ɗalibai kan manta da abinci a lissafi domin ba ya fitowa a allo, alhali shi ne ke tarwatsa lokeshin: mutanen da ke aiki kyauta, in azahar ta wuce ba su ci ba, kafin la'asar rabinsu sun zame. A yi ciniki da mai abinci ɗaya tun da wuri, a biya ta rabi, ta riƙa kawowa a kan lokaci. Ƙaramin janareta a ƙiyasta masa kamar lita ɗaya a awa, a tanadi lita 10 a rana, da waya mai tsawon mita 40 ko fiye domin a kai shi can bayan katanga.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne sauti. Wannan fim murya ce gaba ɗayansa. Mai kallo zai haƙura da hoton da ya ɗan yi duhu, amma ba zai zauna minti biyu yana jin karatu cikin gurnanin janareta ba. In sashensu ya ara musu kyamara, ta wadatar, kada a kashe kuɗi wajen hayar babba don a burge abokai. Kuɗin a kai shi wurin mai ɗaukar sauti na gaske, mai rakodarsa da bum (makirufo a kan doguwar sanda) da abin saurare a kunne. Jos ba ta fi tafiyar awa biyu da 'yan kai daga nan ba, kuma can Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa take, don haka ba a rasa masu wannan sana'a. Makirufon da ake maƙalawa a riga yana ba da matsala a ƙarƙashin hijabi, domin duk motsin da yarinya ta yi sai an ji shafar yadi, shi ya sa bum daga sama ya fi aminci. A kashe fanka da firji. A je kowane wuri kwana biyu kafin ɗauka a daidai lokacin da za a yi aiki, a tsaya shiru a saurara: akwai injin niƙa a maƙwabta? Hanyar Keke ce? A tsara hutun cin abinci ya faɗo kan lokacin salla. Kafin a bar kowane ɗaki, kowa ya yi tsit a ɗauki shirun ɗakin na minti ɗaya, edita zai yi ta cike giɓi da shi.

Wutarmu tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, don haka a saita kyamara a hoto 25 a daƙiƙa, shata, wato saurin buɗewa da rufewar idon kyamara, a 1/50 na daƙiƙa. In aka bar ta a saitin Amurka, fitilun aji za su riƙa kyaftawa a hoton, gyaransa kuma wahala ne. Ɗauka mai nauyin megabit 100 a daƙiƙa tana cin gigabait 45 a awa. Fim na minti 12 zai tara kamar awa 2 zuwa 3 na ɗanyen hoto, ba wani abu mai yawa ba ne, amma a sayi ma'ajiyar kwamfuta biyu, a kwafe komai a kansu kowane dare, su kwana a gida daban-daban. Kada a goge katin kyamara sai an buɗe kwafin an gani da ido.

Akwai wani abu da kuɗi ba ya saye, kuskure a cikinsa kuma zai iya kashe fim ɗin. Kada a sa yarinya ta karanta aya ba daidai ba da gangan don a nuna ta yi tuntuɓe. A nuna ta tsaya cak, numfashinta ya sarƙe, hannun alƙali ya nufi ƙararrawa. Hakan ya fi taɓa zuciya, ya kuma kiyaye alfarmar Alƙur'ani. A nemi malamin tajwidi ya zauna a lokeshin ranar da za a ɗauki karatu, ya kuma saurari aikin bayan an haɗa. A sa masa alheri a cikin kasafi. Haka nan kada a ɗauko waƙar wani ko karatun wani sanannen alaramma daga intanet a liƙa ba izini.

Ita yarinyar da za ta hau wannan rawa, hakkinta yana wuyan duk wanda ya sa kuɗi, har da kai. Takardar amincewar iyaye da sa hannunsu, wadda ta ambaci cewa za a nuna fim ɗin a bainar jama'a da intanet. Takardar shugaban makarantar da za a yi aiki a ciki. A yi ɗaukar a lokacin hutu ko ƙarshen mako, kada ta wuce awa 5 a lokeshin, ta koma gida kafin magariba. A yi rihazal sau 3 ko 4 kafin ranar, domin rihazal ba ya cin fetur. Na kuma gargaɗi Auta da kakkausar murya: fitowa ɗaya kada ta wuce ɗauka 5, kuma kada a taɓa ce mata ta ɓata a gaban mutane. Sabon darakta mai tsoron makin malaminsa yana iya sa yarinya ta maimaita kuka sau 20, ya yi mata daidai abin da fim ɗinsa ke kuka da shi.

Rabon kuɗin, a ganina, cikin kowace naira 100: 50 ga kwanakin ɗauka, 15 ga sauti, 20 ga editin da gyaran launi da fassarar Turanci a ƙasan allo, 5 ga kuɗin shiga bukukuwan fim, 10 a ajiye ba a taɓawa sai ta ɓaci. Farashin kowane abu Auta ya taka da ƙafarsa ya jiyo daga wuri biyu, ya rubuta ranar da aka faɗa masa, domin farashin wata biyu da suka wuce ba abin dogaro ba ne yanzu. Manhajar editin ta DaVinci Resolve tana da ta kyauta da ta isa wannan aiki, lokacin edita ne abin biya.

Shawarata kada ka ɗauki fiye da rabin kasafin. Sauran ya nemo da kansa: dangi, zauren WhatsApp na tsofaffin ɗalibai, masu shaguna a Wunti da za a sa sunansu a ƙarshen fim, da gudunmawar da ba ta kuɗi ba, kamar aron zaure ko mota ko buhun shinkafa. Ya je da takarda mai shafi ɗaya da ɗan gwajin bidiyo na minti ɗaya, ya fi dogon bayani da baki. Ya kuma gaya wa kowa gaskiya cewa gudunmawa ce, ba hannun jari ba. Gajeren fim ba ya dawo da kuɗi, wanda aka yi wa alkawarin riba kuwa gobe shi ne abokin rigima. A buɗe asusu na daban, duk wanda ya bayar a rubuta, duk abin da aka kashe a ajiye rasit.

Ka yi maganar Kickstarter, shafin tara gudunmawa ta intanet. Ba a buɗe shi daga Najeriya, haka ma GoFundMe, sai dai kai ka buɗe daga can da sunanka, nauyin amanar kuma ya dawo kanka. Kickstarter in ba a cika adadin da aka sa ba, ko kwabo ba a samu, in an cika kuma suna cire 5 cikin 100 ban da kuɗin hada-hada. GoFundMe suna ba da abin da aka tara, suna cire kusan 3 cikin 100 da 'yan kwabbai a kan kowace gudunmawa. Ga ƙaramin aiki irin wannan, 'yan uwanmu na can mutum 10 da ka kira da bakinka za su fi shafin intanet amfani.

Naka kason ka raba shi uku. Na farko idan ya turo maka rubutu mai shafi 12, da kasafi, da takardun izini. Na biyu ana gobe ɗauka. Na uku sai ka ga haɗin farko da idonka. Yawancin finafinan ɗalibai a kwamfutar edita suke mutuwa, ko don kuɗi sun ƙare a lokeshin, ko don darakta ya kasa cewa ya isa. A sa ranar rufe gyara, mako 6 bayan ɗauka, a rubuce.

In an gama, kada ya yi gaggawar ɗora shi a YouTube, domin wasu bukukuwan ba sa karɓar abin da ya riga ya fita. Ya fara gwada Zuma na Hukumar Fina-finai ta Najeriya a Abuja, da KILAF a Kano, da AFRIFF a Legas, ya karanta sharuɗɗan kowanne. Amma nunin da na fi ɗokin gani shi ne na zauren makarantar da aka yi aikin, iyaye da malamai a zaune.

Na ce masa ya dawo ranar Asabar da sabon rubutu da farashin da ya jiyo. Da mun zauna zan turo maka hoton takardar, sai ka kira mu bayan isha'i agogon nan. A gaida Madam da yara, ka shafa mini kan ƙaramin.

Wassalam,
Naka amini har kullum.