A Rubuta Dokar Faɗan Rubutu Tun Kafin A Shiga Fage

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida domin in yi magana a kan wani wasa da ya samu karɓuwa a wurin matasanmu na Maraɗi, wanda iyaye da dama ba su san da shi ba, ko da yake a gabansu ake yin sa, a fadojin shayi da ɗakunan ɗalibai. A guruf-guruf na WhatsApp da Telegram da Facebook ake yin wasan. Kowane ɗan wasa yakan ƙirƙiri jarumi nasa, ya raɗa masa suna, ya ba shi asali da makami da irin ƙarfin da yake da shi, sannan a haɗa jarumai biyu su gwabza da rubutu zalla: wannan ya rubuta abin da jaruminsa ya yi, wancan ya mayar da martani, har a samu wanda ya yi galaba. Yaran suna kiran sa RP. Ina cikin masu alƙalanci a ɗaya daga cikin irin waɗannan guruf, kuma ina ƙaunar wasan, domin na ga yaran da ba sa iya haɗa layi uku sun koma masu tsara labari mai ma'ana, da Hausa ko da Faransanci. Abin da ke damuna shi ne yawan guruf da ke watsewa da gaba da zage-zage, kuma kusan kullum dalilin ɗaya ne: babu rubutacciyar doka, babu sanannen hukunci, sai abin da admin ya ga dama a ranar.

Matsalar da muke fama da ita ba sabuwa ba ce. Lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan Dungeons & Dragons a Amurka a shekarar 1974, sun san cewa idan aka bar kowa ya faɗi abin da ya samu jaruminsa da bakinsa babu wanda zai yarda an kayar da shi, don haka suka sa a jefa ɗan lido domin a san ko sara ya samu wuri, kuma suka ajiye mutum ɗaya a matsayin jagoran wasa. A 1978 kuma Roy Trubshaw ya fara gina wasan MUD a jami'ar Essex da ke Ingila, Richard Bartle ya ci gaba da shi, inda mutane da yawa ke wasa tare ta hanyar rubutu, kwamfuta tana yi musu lissafin bugu da rauni. Mu a nan ba mu da ɗan lido ko kwamfuta mai yi mana lissafi sai idan mun samar wa kanmu. Abin da muke da shi kawai shi ne amana tsakanin 'yan wasa, da maganar alƙali.

Laifin da ya fi kowane yawa, kuma wanda ya fi ɓata rai, shi ne mutum ya rubuta hari tare da sakamakonsa. Idan ɗan wasa ya rubuta cewa ya zare takobi ya sare abokin karawarsa a wuya, ya faɗi matacce, to ya yi wasan mutum biyu shi kaɗai, ya ƙwace wa ɗan'uwansa haƙƙin kare kansa. Abin da ya dace shi ne ya ce ya taka gaba da ƙafar hagu, ya kai sara daga dama yana auna kafaɗa, ya tsaya nan. Ko saran ya samu wuri ko bai samu ba, wannan magana ce ta wanda aka kai wa hari, bisa ga inda yake tsaye da abin da ke hannunsa. Haka kuma ba ya halatta ka rubuta cewa jarumin wani ya firgita, ko ya ja da baya, ko makaminsa ya suɓuce, domin ba kai ka haife shi ba. Duk guruf ɗin da ya kafa wannan ƙa'ida guda ɗaya ya riƙe ta da gaske, ya rage mafi yawan rigingimunsa.

Sai dai ƙa'idar tana da ɗan'uwa da dole a haɗa su tare, in ba haka ba an gyara gaba an ɓata baya. Tunda wanda aka kai wa hari shi ke faɗin sakamako, akwai masu mayar da jarumansu waɗanda ƙarfe ba ya ci: an kai musu sara sun kauce, an harba kibiya sun cafe, an rutsa su a lungu sun ɓace kamar iska, har dare ya raba ba su ji ko ƙwarzane ba. Irin wannan mutum ba ya zagi, ba ya ɗaga murya, amma shi ke kashe wa kowa sha'awar wasan. Maganinsa shi ne a yi wa kowane jarumi takarda tun kafin a fara, a rubuta makamansa da dabarunsa da rauninsa, alƙali ya amince da ita, sannan a ƙayyade masa makin ƙarfi wanda kowane hari da kowace kaucewa ke ragewa. Wanda ya ƙarar da makinsa wajen tsalle-tsalle dole ya karɓi bugu na gaba. Dabarar da ba ta cikin takarda kuwa babu ita, komai daɗin yadda aka rubuta ta. Inda gardama ta ƙi ƙarewa, masu amfani da Telegram suna da sauƙi, domin idan aka tura alamar ɗan lido manhajar ce ke zaɓen lamba daga 1 zuwa 6 a idon kowa, ba mai turawa ba.

Akwai kuma amfani da abin da ɗan wasa ya sani amma jaruminsa bai sani ba, kamar wanda ya karanta cewa an haƙa masa tarko a bayan ƙofa sai kawai ya bi ta taga ba tare da dalili ba. Wannan yana da wuyar tabbatarwa, kuma ina ba alƙalai shawara su tambayi mai shi ta yaya jaruminsa ya sani, su yi hukunci a kan amsar da ya bayar.

Wani maguɗin kuma manhajar ce ta buɗe masa ƙofa. Tun shekarar 2023 WhatsApp ya ba da damar gyara saƙo cikin minti 15 bayan an tura shi, ga kuma damar goge saƙo ga kowa. Mai wayo sai ya tura harinsa, ya jira ya ga yadda aka kare, ya koma ya sauya dama zuwa hagu, sannan ya ce abokin karawarsa bai iya karatu ba. Manhajar tana nuna alamar cewa an gyara saƙo, amma ba ta nuna abin da ke ciki da farko. Saboda haka a ganina duk saƙon faɗa da ya fito da alamar gyara a ɗauke shi a matsayin wanda ba a yi ba, mai kuskuren rubutu ya gyara a sabon saƙo a ƙasa, kuma a kashe tsarin saƙonni masu ɓacewa da kansu a guruf ɗin da ake faɗa, domin alƙali ba ya hukunci ba tare da shaida ba. Su ma masu sa ChatGPT ya rubuta musu dogon bayani su sani cewa tsawon rubutu ba ya kayar da kowa.

Game da lokacin mayar da martani ina roƙon a yi sassauci, domin mun san halin da muke ciki. A watannin zafi wuta kan ɗauke na sa'o'i, waya ta mutu, ko rezo ya gudu, ko kuɗin intanet su ƙare wa ɗalibin da ba shi da na sake saye sai gobe. Zalunci ne a ce wanda bai amsa cikin minti goma ba ya faɗi. A ba da kwana guda ga faɗan da ba na gaggawa ba, a dakatar da agogo lokacin salla da lokacin jarrabawa, wanda kuma ya san zai ɓace ya sanar. Wanda ake gani yana hira a wani guruf alhali ya bar abokin karawarsa yana jira, shi ne mai gudun fage, kuma shi ya cancanci a ƙirga masa faɗuwa.

Yanzu sai batun hukunci, wanda shi ne ainihin abin da ya sa na rubuto. Mu mutanen Maraɗi ba baƙi ba ne ga gasa mai doka. Tun 1975 da aka fara kokawar takobin ƙasa a Tawa, wadda Kantu ɗan Maraɗi ya lashe har aka sa wa filin kokawarmu sunansa, kowa ya san cewa alƙali ba ya ɗaura walki ya shiga kamu, kuma ɗan kokawar da ya yi ba daidai ba gargaɗi ake fara yi masa, ba a kore shi daga fage a karon farko. Haka ya kamata a bi mataki-mataki a wasanmu. Wanda ya yi laifin wasa karo na farko, musamman sabon shiga, a soke abin da ya rubuta, a nuna masa inda ya kauce, ya sake rubutawa. Idan ya maimaita a faɗan nan, ya rasa zagayensa, harin abokin karawarsa ya same shi. Idan ya ƙara, an ba ɗayan nasara. Sai wanda ya mayar da maguɗi ɗabi'a ne za a hana shi shiga fage na mako ɗaya ko biyu, yana cikin guruf yana kallo. Hukuncin laifin wasa ya tsaya a kan jarumi da makinsa. Kada a kashe wa mutum jarumin da ya shafe watanni yana rainonsa a matsayin horo, kuma kada a yi faɗan mutuwa sai ɓangarorin biyu sun amince da shi a rubuce kafin a fara.

Laifin da aka yi wa mutum shi kansa kuwa daban ne, kuma a nan ba na goyon bayan sassauci. Zagin iyaye, gorin ƙabila ko addini, barazana, bin 'yan mata ta saƙon sirri da maganganun banza, yaɗa hoton wani: waɗannan ba su da alaƙa da wasa, kuma sakamakonsu shi ne fita daga guruf. Ya kamata matasa su tuna cewa Nijar tana da dokar yaƙi da laifukan intanet tun 2019, wadda aka ƙara tsaurara ta a 2024, kuma zagi da ɓata suna ta waya suna cikin abin da take hukuntawa. Haka nan duk faɗan da aka ɗora wa kuɗi ko katin waya ya zama caca, addininmu ya hana, kuma daga ranar da kuɗi suka shiga babu alƙalin da za a ƙara yarda da shi.

To wa zai hukunta admin? A guruf da yawa wanda ya buɗe guruf shi ne mai doka, shi ne alƙali, kuma shi ne mai jarumin da ba a taɓa kayarwa ba. Yana iya goge saƙon kowa, yana iya fitar da wanda ya yi masa gardama. Wani abu da ya faru a 1993 a LambdaMOO, wata duniyar rubutu da Pavel Curtis ya kafa a Amurka, yana da amfani a gare mu. Wani ɗan wasa ya yi amfani da wata dabara ya riƙa rubuta ayyukan wulaƙanci da sunan jaruman wasu, jama'a suka taru suka yi ta muhawara ba su cimma matsaya ba, daga ƙarshe ɗaya daga cikin masu kula da wurin ya goge jarumin mai laifin bisa ra'ayin kansa. Mutumin ya cancanci hukuncin, amma bayan haka aka kafa tsarin gabatar da koke da jefa ƙuri'a, domin an fahimci cewa jama'a ba za su zauna a ƙarƙashin ganin damar mutum ɗaya ba, ko da ya yi daidai a wannan karon.

Shi ya sa nake kira ga masu riƙe da guruf a Maraɗi da sauran garuruwa da su rubuta dokarsu gajeriya cikin harshen da kowa ke ji, su ajiye ta a bayanin guruf, duk mai shiga ya karanta ya ce ya yarda kafin a karɓi takardar jaruminsa. A naɗa alƙalin kowane faɗa kafin a fara, wanda ɓangarorin biyu suka aminta da shi, kuma kada ya zama aboki na kusa ko ɗan ƙungiyar ɗayansu. Ranar da admin zai yi faɗa, ya miƙa alƙalanci ga wani, kuma hukuncin da ke hawa kan kowa ya hau kansa. Alƙali ya faɗi dalilin hukuncinsa a fili, ya nuna saƙon da ya dogara da shi da ƙa'idar da aka karya. Wanda bai gamsu ba a ba shi kwana guda ya ɗaukaka ƙara zuwa ga mutum uku da ba su da hannu a faɗan, abin da biyu daga cikinsu suka yanke shi ke nan. Dokar da aka ga tana da giɓi kuma a gyara ta bayan an kammala faɗan, ta fara aiki daga faɗa na gaba.

Na gode da filin da aka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Mai karatu daga unguwar Ali Ɗan Sofo, Maraɗi, Jamhuriyar Nijar