Sanarwa ga ƴan unguwa kan masu buga ƙofa

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah kowa ya karanta ya faɗa wa na gida.

Kwanan nan wasu na yawo layi-layi, musamman da hantsi lokacin da maza suka fita yara suna makaranta. Wasu su sako rigar nan mai ƙyalli da kati rataye a wuya su ce daga kamfanin wuta suke, za su duba mita, ko ka ba da kuɗi a hannu ko su yanke. Kar a ba su ko sisi, kuɗin wuta a ofis ake biya ko ta waya a karɓi shaida.

Wanda ya fi damuna shi ne na mata, don su ba mai hana su shiga. Za su shigo su biyu da buhun atamfa da turare, ɗaya ta baje kaya a tsakar gida tana ta zuba, ɗayar ta ce a nuna mata banɗaki, sai ta zarce ɗaki inda waya ke caji, wallahi minti biyu ya ishe ta. Iyayenmu mata, baƙuwar da ba ku sani ba a yi cinikin a zaure.

Masu cewa rajistar tallafi kuma, kar a ba su BVN ko NIN, balle lambar da banki ya turo ta tes.

A ja wa yara kunne su daina buɗe get ko cewa "Baba ba ya nan". In kun ga abin da ba ku gane ba ku kira mai unguwa ko ƴan sintiri, ko 112, sannan ku sanar a nan.