Ɗana ya girma a sikawut, ni kuma na rasa inda zan tsaya

Assalamu alaikum Hajiya, barkanki da ƙoƙari a wannan fili.

Ni uwa ce a Aboabo, nan Kumasi, sana'ata koko da ƙosai. Babban yarona ya shiga sikawut yana ɗan shekara 8, lokacin komai nasa a hannuna yake. Ni ke wanke kakinsa, in ɗinka masa bajo a hannun riga, in ɗaura masa ƙyallen wuya, ranar 6 ga Maris, ranar bikin 'yancin kan Ghana, in riƙe hannunsa har filin fareti. Ko gaisuwarsu ta hannun hagu da ta tayar wa kakarsa hankali, ni na je na bincika. Aka ce mini Baden-Powell, wanda ya kafa sikawut a 1907, ya shigo Kumasi a 1896, kuma wai a wurin ƙabilar Asante ta nan Kumasi ya gano ta. Na ja masa kunne cewa a gida dai da dama ake gaida manya.

Yanzu shekararsa 15, ya koma cikin manya, har an ba shi jagorancin yara shida. Su ke tsara tafiyarsu, su yi lissafin kuɗin mota da na cefane, su girka abincinsu. Hutu mai zuwa za su kwana uku a bakin tafkin Bosomtwe. Na ɗauko jakarsa zan shirya masa, sai ya karɓe a hankali ya ce, "Mma, ki bari. In ke kika shirya, ba zan san inda komai yake ba." Wallahi Hajiya, daren nan barci bai ɗauke ni ba.

Malaminsu ya ce abin da ake so daga iyaye yanzu shi ne sa hannu a takardar izini, da biyan kuɗi, da addu'a. Na san gaskiya ya faɗa, don yaron ya ƙara natsuwa, har ƙannensa yake yi wa tuwo. Amma tafki ba wurin wasa ba ne. Wa zai tashe shi sallar asuba? Ga jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare tana tafe, mahaifinsa kuma direba ne, kullum yana hanyar Tamale.

Ki ba ni shawara don Allah. Wace tambaya ce haƙƙina in yi wa malamin nan ba tare da na kunyata yaron a gaban 'yan ƙungiyarsa ba? Kuma idan na ga zai manta bargo, in tuna masa, ko in yi shiru sanyi ya koya masa?

Taki,
Wata uwa daga Aboabo