Sanarwa: Ziyarar Lambun Aburi

Assalamu alaikum iyayenmu da ƴan uwa. In Allah ya yarda ranar Asabar za mu hau Aburi, garin da ke kusa da Accra a Ghana, mu ga lambun itatuwansa. A haɗu a tashar Madina ta Accra ƙarfe 7 na safe, mutanen Nima da Sabon Zango a yi sammako saboda cunkoson hanya.

Tun 1890 aka buɗe lambun nan a kan tsaunin Akwapim, kuma babban rimin da ke ciki ya girme shi, ragowar tsohon dajin wurin ne. Shi ya sa na matsa a je yanzu cikin hunturu. A wannan lokacin rimi ke zubar da ganye ya yi fure, furen da daddare yake buɗewa, jemagu su zo shan ruwansa su kai ƙurarsa daga bishiya zuwa bishiya. Bayan haka ne ake samun audugar da kakanninmu ke cusa matashin kai da ita. Wallahi ina so yaranmu su gani da idonsu.

A zo da rigar sanyi, can sama akwai iska. Don Allah a ja wa yara kunne, kada a tsinki fure. Mai zuwa ya rubuta sunansa kafin Alhamis.