Puma Ba Damisa Ba Ce

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Shirinku na daren Asabar ya hana ni cin tuwo cikin natsuwa. Ina ƙirgawa, sau huɗu baƙon nan naku yana kiran puma "damisar Amurka", har da cewa wai Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, duk a bishiya suke rataye nama. Haba! Mai gabatarwa kuma sai "ƙwarai kuwa" yake ta yi masa.

Ni a Serti na tashi, gab da dajin Gashaka-Gumti. Ina yaro, wata safiya mun bi kawuna zuwa gona, sai ya tsaya cak, ya nuna mini sama da haɓa. Gada ce a saƙale a reshe, wuya ya lanƙwashe, ƙudaje sun yanyame ta, jini ya bushe a jikin itacen. A ƙasa kuwa sawun kura ne ko'ina, ta kwana tana zagaye ba ta samu ko ƙashi ba. Kawu bai ce uffan ba, ya ja hannuna muka sake hanya. Aikin damisa ke nan: zaki da kura sun dame ta da ƙwace, shi ya sa take hawa da abincinta inda ba su kaiwa.

Puma fa? Ita ja take yi ta kai abin da ta kashe cikin duhuwa, ta lulluɓe da ganye da ƙasa, ta riƙa dawowa tana ci. Kishiyoyinta ma daban ne. A dajin Yellowstone na ƙasar Amurka, inda aka mayar da kyarketai a 1995, su da beyar, wata ƙatuwar dabba mai yawan gashi, ne ke kore ta daga kan namanta. Daga Kanada har kudancin Chile take zaune, damisa kuwa Afirka da Asiya, to a ina suka haɗu balle su yi gasa? Babbar puma ba ta da rodi-rodi, ba ta iya ruri irin na damisa, kuma a dangantaka ta fi kusa da rabbi. Damisa ƙi sabo, 'yar gidan su zaki ce. Jikokina suna zaune suna saurare, ga shi yanzu ƙaramin yana musu da ni, wai a rediyo aka faɗa.

Sannan don Allah wannan kiɗan da kuke sakawa ƙarƙashin magana, ku rage shi. Sai na manna rediyo a kunne kafin in ji abin da ake cewa, batir kuma ba arha ba.

Naku mai sauraro,
daga Serti, Jihar Taraba