Zuwa ga Babangida, kan motar nan taka mai mutuwa bisa hanya

Assalamu alaikum Babangida,

Sau uku na kira ka jiya ba ka ɗauka ba, shi ya sa na zauna ina danna wanga saƙo da yatsa guda. Labari ya iso ni, kuma kar ka tsaya neman wanda ya hwaɗa min. An ce ranar Talata motarka ta mutu gaba da Tureta ana kiran magariba, kai kaɗai, ka yi kusan rabin awa gefen titi sannan ta tashi, kuma wai wanga shi ne karo na huɗu. Na huɗu hwa! Ka shigo gida ka ci tuwo ka ce min hanya lahiya lau.

Shekara nawa na yi ina jan Pijo 504 tsakanin Sakkwato da Illela, na san mota ba ta mutuwa tana cikin gudu haka kawai. Ko mai ya yanke mata, ko wuta, ko iska. Namu na da kafireta ne, ka kwance ka busa ka maida, taku wagga ƴar Kwatano ta kwamfuta ce, amma ciwon guda ne.

Ka lura da yadda take mutuwa. In sai ta yi ta shiƙa tana fizga, ka taka totur ta ƙi amsawa sannan ta mace, to mai ne bai isa inji, a duba filtar mai da famfon da ke cikin tanki. Da safe ka murɗa makulli ba tare da ka tada ta ba, ka kasa kunne wajen kujerar baya, za ka ji famfon ya yi ɗan kuka na daƙiƙa biyu ko uku, in shiru ka ji a duba fiyus da rile kahin a taɓa famfon. Kuma na san halinka, tun da anka cire tallafi a 2023 mai na dubu biyar kake zubawa, allura kullum tana kwance kan ja. Wancan famfo man da yake ciki shi ke sanyaya shi, ka bar shi a tanki ƙaf cikin zahin Sakkwato da ke wuce digiri 40 a watan Afirilu, mi kake so ya yi? Ga na ƴan bumburutu da kake ƙarawa a galan, da ruwa da datti duka.

In kuwa ɗif take ɗaukewa kamar an kashe makulli, ka yi ta sitata tana juyawa ba ta kamawa, sai ta huce ta tashi kamar ba ita ba, to zargina ya fi tahiya ga sensan kiranshaf, wanda ke gaya ma kwamfuta juyin inji, haka yake yi in ya fara lalacewa, zahi ya buge shi ya daina ba kwamfuta labari, ita kuma ta yanke wuta da mai. Rabin awar nan da anka ce ka yi shi ya sa na ce haka. Kwayil ma tana irin wanga hali. In fitilar batir ta kawo ko fitilun gaba sunka dushe kahin ta mutu, altanata mai cajin batir ce ko bel ɗinta, a sa mita, batir mai lahiya bolt 12.6 ne mota na kashe, in tana aiki 13.5 zuwa 14.5. Ka girgiza kan batir ma da hannunka, sau da yawa abin bai wuce nan ba.

Ka kai ta a sa mata na'urar gano ciwon mota a karanta, kuma kar ka bari yaron gareji ya cire kan batir wai don fitilar cek mai nuna matsalar inji ta mutu, shaidar ce yake gogewa. In na'urar ta nuna lambar P0335 to sensan nan ne. Kar ka yarda da mai canke, yau a canza fulogi gobe nozul jibi a ce inji, haka wani ya cinye min kuɗin gero buhu biyu a kan waya guda da ta goge.

Amma duk wanga ba shi ya hana ni barci ba. Hanyar ce. Babangida hanyar Gusau ce hwa, Tureta, Lambar Bakura, Mafara, wurin da mai lahiyayyar mota ma addu'a yake har ya wuce, kai kuma ka tsaya da bonet a buɗe da magariba kana haska tocilan waya kamar mai kiran ƴan bindiga. In sunka hito daga daji mi za ka ce musu, ku dakata ta huce? Mi zan sayar? Gonar da ta rage ka san inda kuɗinta sunka tahi. Ka ga yadda munka yi lokacin Kawunka, ka ga Innarka wata uku ba ta iya haɗiye abinci, kai ne ka riƙa kai mata kunu, yanzu kuma kai za ka maido mu can saboda sensa da bai kai kuɗin wayar da ke hannunka ba. Wanga ba jarumta ba ce, sakarci ne, kuma ban haifi sakarai ba.

Na san kana jin haushin na hana ka kuɗi ranar da za ka saye ta. Ba rowa ba ce, cewa na yi a kai ta wurin mutumina ya duba tukuna, ka ce sauri kake. Ya wuce, ban riƙe ba.

In ta sake yi maka kana gudu, sitiyari zai yi nauyi, birki taku ɗaya ko biyu ne ya rage mai taushi, kar ka yi ta famfa shi, kar ka zare makulli sitiyari ya kulle, ka kunna dabul tirafiketa ka sa ta firi ka gangara gefe. Amma ni ba na son a kai nan. Kar ka sake hita gari da ita sai an gyara, kuma ko an gyara la'asar ta same ka a gida.

Ka kawo ta Asabar da hantsi mu tahi Buzaye wurin makanikai tare, kuɗin na'ura ni zan biya. Innarka ba ta sani ba, ban gaya mata ba, kai ma kar ka gaya mata. Ta ce in tambaye ka ko a dama maka fura.

Allah shi tsare, Allah shi yi maka albarka.

Babanka